Kano zuwa Guangzhou: awa 13 ne, 19 ne, ko 26?

Sabon_Dan_Kwari:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman a warware mini wani lissafi da ya ɗaure mini kai. Maigidana zai tura ni Chaina sayayya, ni kuma ban taɓa fita ƙasar waje ba. Tikitin da ejan ya turo mini ya nuna zan tashi daga Kano ranar Talata da ƙarfe 1:30 na rana, in sauka Guangzhou ranar Laraba da ƙarfe 4:00 na yamma, da tsayawa a Adis Ababa. Da na ƙirga na samu awa 26 da rabi. Ejan ya ce ai awa 19 da rabi ne. Ƙanena kuma ya duba a intanet ya ce awa 13 aka rubuta. Nisan ma haka yake: wani wurin 10,900, wani 6,800, wani 5,900. Wa ke da gaskiya a ciki? Ni dai babbar damuwata ita ce awa nawa zan yi a zaune, don ina fama da ciwon baya.

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, babu wanda ya yi maka ƙarya, kowa abin da ya auna daban ne.

Fara da agogo. Chaina tana gaban Najeriya da awa 7. A tikiti kuwa, kowane lokaci da agogon garin da abin zai faru ake rubuta shi: tashi da agogon Kano, sauka da agogon Guangzhou. To ƙarfe 4:00 na yammar Laraba a can, ƙarfe 9:00 na safiyar Laraba ne a Kano. Daga 1:30 na ranar Talata zuwa 9:00 na safiyar Laraba awa 19 da rabi ke nan. Ejan ɗinka ya yi daidai, kai kuma ka haɗa har da awa 7 ɗin da agogo ya tsallake.

Awa 13 ɗin da ƙanenka ya gani, ita ce da a ce akwai jirgin da zai ɗauke ka daga filin jirgin Malam Aminu Kano bai dire ka ko'ina ba sai filin Baiyun na Guangzhou. Tsakaninsu kimanin kilomita 10,900 ne, jirgin fasinja kuma idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ka raba, ka ƙara lokacin hawa da na saukowa, sai ka samu wajen 13. Na'ura ce ta lissafa, amma babu wannan jirgin a jadawali.

Lambobin nisa ukun nan duk abu guda ne. 10,900 kilomita ne. 6,800 mil ne na ƙasa, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne. 5,900 kuma mil ne na teku, wanda matuƙan jirgi ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852.

Hajiya_Mai_Leshi:
Malam ya ba ka na allo, bari in ba ka na hanya. Kano zuwa Adis wajen awa 5 ne. A can za ka yi zaman jira na kamar awa 4, sannan ka hau na dogon zango, shi kuma awa 10 da wani abu. Zaman kujera dai duka wajen awa 15 da rabi. Na farkon ba ya wahalar da mutum, kafin ka ci abinci ka ɗan yi gyangyaɗi an iso. Na biyun ne gwajin. Tun da kana da ciwon baya, ka roƙi a ba ka kujerar bakin hanya, ka bar ta taga. Kowa da tafiyarsa ta farko taga yake so, sai dare ya raba yana jin fitsari ga mutum biyu suna minshari a gefensa. Kuma kar ka sa takalmi matsattse. Ƙafa tana kumbura a sama, na ga wanda ya cire sau-ciki da aka tashi, da aka sauka ta ƙi shiga, haka ya taka bayanta ya ja har wurin duba fasfo.

Sabon_Dan_Kwari:
Allah Ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode. Wato awa 7 ɗin nan ba su da wani tasiri a jikina, a takarda kawai suke?

Dalibi_A_Wuhan:
Ai kuwa suna da shi sosai, sai ka sauka za ka sani. Ƙarfe 11 na dare a can, jikinka yana ganin ƙarfe 4 na yamma ne, barci ba zai zo ba. Ƙarfe 9 na safe kuma da ya kamata ka shiga kasuwa, jikinka yana ƙarfe 2 na dare. Kwanakin farko kar ka yarda ka zauna cinikin manyan kuɗi da safe, kanka bai gama farkawa ba. Ka riƙa fita cikin rana, kar ka kwanta bayan azahar ko da barcin yana fizgarka.

Garba_Mai_Taya:
Amma Malam_Lissafi, ƙasa mai faɗin Chaina ai ba za a ce awa 7 a ko'ina ba. Amurka ma agogonta kashi-kashi ne.

Dalibi_A_Wuhan:
A hukumance agogo ɗaya ne duk ƙasar, na Beijing. Daga Shanghai har Xinjiang. Shi ya sa a can yamma rana take makara wajen fitowa idan ka bi agogo. Ko birnin Yiwu zai wuce daga Guangzhou, awa 7 ɗin ce dai.

Alhaji_Na_Singa:
Ni shawarata ka tsaya a kan hanyar Habasha, ita ce miƙaƙƙiya. Dubi taswira: Kano, Adis, Guangzhou, gabas kawai kake yi. Masu bi ta Doha ko Alkahira sai sun haura arewa sannan su sake gangarowa, ɓata mai da ɓata lokaci.

Injiniya_Bash:
Alhaji, da girmanka, taswirar bango ce ta yaudare ka a nan. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuma shimfiɗaɗɗiya, don haka layin da ya fi gajarta a kan ainihin duniya yakan fito a lanƙwashe a kan takarda. Ka ɗauki lemo, ka yi ɗigo biyu da biro nesa da juna a rabinsa na sama, ka ja zare tsakaninsu ka ɗame shi. Za ka ga zaren ya haura wajen hancin lemon kafin ya sauko. Hanyar jirgi ke nan.

Idan ka ja wannan zaren daga Kano zuwa Guangzhou, ta gefen Diffa da Tafkin Chadi zai bi, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya ya shiga Saudiyya tsakanin Jidda da Madina, ya wuce kusan ta kan Katar, sai kudancin Iran, Pakistan, arewacin Indiya, ya shafi Nepal, ya bi ta arewacin Myanmar ya faɗa Chaina ta lardin Yunnan. Wato Doha a kan layin take kusan cif.

Ga lissafin a kimance. Kano zuwa Doha kilomita 4,750, Doha zuwa Guangzhou 6,200, jimla 10,950. Kano zuwa Alkahira 3,100, daga can 8,000, jimla 11,100. Kano zuwa Adis 3,300, daga can 8,000 da 'yan kai, jimla wajen 11,350. Hanyar da ka kira miƙaƙƙiya ita ce ma ta ɗan fi tsawo a cikin ukun. Amma dubi bambancin: kilomita 400, ko rabin awa bai cika ba a sama. Kan nisa dai babu abin da za a yi musu a kai.

Alhaji_Na_Singa:
To idan haka ne, me ya sa yaron shagona ya bi ta Doha ya kwana biyu a hanya, ni na bi ta Adis na riga shi isa da kusan yini guda?

Ejan_Tikiti_Kano:
Alhaji, amsar tana cikin tikitinsa, ba a sararin samaniya take ba. Abu biyu ne. Na farko zaman tiranzit: wani tikitin jiran awa 3 ne, wani awa 9, wani har ya haura awa 15, kuma galibi mai dogon jiran ne ya fi araha, shi ya sa ake yanka wa yara shi. Na biyu, wani jirgin idan ya tashi daga Kano sai ya fara sauka Abuja ya ɗauki fasinja kafin ya miƙa, ko ya biyo ta can wajen dawowa. Wannan tsayawar ba a canza jirgi, shi ya sa mutane ba sa lura da ita a takarda, amma tana cin lokaci.

Abin da ya sa hanyar Adis ke da daɗi ga mutanenmu shi ne tsarin kamfanin Ethiopian Airlines: jiragen Afirka ta Yamma suna isa can da daddare, na Asiya kuma suna tashi wajen tsakar dare, sai jiran ya zama gajere. Duk wanda zai sayi tikiti, ya nemi a nuna masa jimlar lokacin tafiya da tsawon kowane jira, kar ya tsaya a farashi kawai.

Hajiya_Mai_Leshi:
Gajeren jira ma yana da nasa tashin hankalin. Idan na Kano ya makara da awa biyu, za ka sauka kana gudu da jaka a kafaɗa, a sake caje ka, ka isa ƙofa kana haki. Kai ka shiga, akwatinka bai shiga ba. Ni jiran da bai kai awa 3 ba ba na karɓarsa, ko nawa za a rage mini.

Baba_Fagge:
Yaran zamani kuna kukan awa 19. Jiragen farko da suka sauka a Kano, a watan Nuwamba na 1925, na sojan saman Ingila ne guda uku, daga Masar suka taso, kwana da kwanaki suna sauka suna tashi kafin su iso. Wannan tafiyar yau awa 4 da wani abu ce. Kuma Kano da kuke gani ita ce zangon jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a da, nan suke sauka su sha mai saboda ba za su iya yin tafiyar a numfashi ɗaya ba. Da aka ƙera jirage masu dogon zango sai suka daina buƙatarmu, suna wucewa ta samanmu. Kakanninmu kuwa da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau.

Matashi_2000:
Baba Allah Ya ƙara lafiya, amma ciwon baya bai san tarihi ba.

Baba_Fagge:
Ja'iri. Ya tashi ya riƙa taka ƙafa a cikin jirgin, babu mai hana shi.

Garba_Mai_Taya:
Ni tambayata daban ce, kar a yi mini dariya. An ce duniya juyawa take yi daga yamma zuwa gabas. To ai kamata ya yi dawowa daga Chaina ta fi sauri, tun da kai kana tahowa yamma, Kano kuma tana tahowa ta tarye ka. Amma duk wanda na tambaya sai ya ce dawowa ta fi tsawo.

Injiniya_Bash:
Ba abin dariya ba ne, tambaya ce mai kyau. A kan layin Ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, ƙasa tana juyawa da gudun kusan kilomita 1,670 a awa, ya ninka na jirgi kusan sau biyu. Amma ba ƙasa kaɗai ke juyawa ba, iskar da ke lulluɓe da ita ma tare suke tafiya, jirgin kuma tun yana ajiye a ƙasa yana ɗauke da wannan gudun. Don haka tashi sama ba ya raba shi da juyawar, babu garin da zai taho ya tarye shi.

Abin da ke kawo bambancin iska ce. A can sama, wajen ƙafa 30,000 zuwa 40,000 inda jirage ke bi, akwai wasu igiyoyin iska masu ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wani lokaci sama da kilomita 200 a awa, kuma sun fi ƙarfi da hunturu. Mai zuwa gabas tana tura shi, mai zuwa yamma tana tare shi. Shi ya sa Adis zuwa Guangzhou awa 10 da wani abu ne, dawowa kuma takan kai 11. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne tsakanin Landan da New York, kimanin kilomita 5,500: zuwa wajen awa 8, dawowa wajen 7. A watan Fabrairu na 2020, lokacin wata guguwa mai suna Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya yi New York zuwa Landan a awa 4 da minti 56, iska ce ta ingiza shi.

Matashi_2000:
Jirgin Concorde ai ya fi wannan sauri.

Injiniya_Bash:
Sosai, amma shi ya fi sauti gudu, ba ajinsu ɗaya ba. A 1996 ya yi wannan hanyar a ƙasa da awa 3. An ajiye shi tun 2003, shan mai da tsadar kulawa suka kayar da shi. Tun daga lokacin gudun jirgin fasinja bai wani ƙaru ba, zangon da yake iya ci ba tare da sauka ba ne ya ƙaru.

Umman_Khalil:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Wannan lissafin zare da lemo yana aiki ne idan an bar ku ku wuce. Mu da muka yi aikin Hajji a 2023 mun ga haka. Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, da can awa 4 da rabi an sauka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu aka rufe sararin samaniyarsu, sai jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta kai wajen awa 7, har aka yi ta tataɓurza kan ƙarin dala 250 a kuɗin jirgin kowane alhaji. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, wadda ta taɓa zuwa a da, tun da aka yi awa 5 ta fara gyara mayafi tana tattara ledarta. Da aka ce mata da saura, cewa ta yi ko dai direban ya ɓata hanya ne.

Dan_Damagaram:
Gaskiya ne Hajiya. Mu ma nan Nijar, bayan juyin mulki an rufe sama ranar 6 ga Agusta 2023, ba a buɗe ba sai farkon Satumba. Jiragen Turai masu zuwa Najeriya da kudancin Afirka duk sai da suka kauce, ga Sudan a rufe, ga Libiya da yawancinsu ba sa bi. Sannan Injiniya, ka ce zaren ya bi ta Diffa. To ka ga abin haushi: ɗan kasuwar Diffa sai ya yi doguwar tafiya a mota zuwa Kano, ko ya tafi har Yamai, ya hau jirgi, jirgin kuma ya sake biyowa ta saman unguwarsu.

Malam_Lissafi:
Irin wannan komawa baya ce masu bi ta Legas suke yi. Kano zuwa Legas kilomita 830 ne, kuma Legas ta fi Kano nisa da Guangzhou da kusan 800, domin daga can wajen 11,700 ne. Ka ga an ƙara sama da kilomita 1,600, ga canjin tasha daga ta jiragen cikin gida zuwa ta ƙasa da ƙasa, ga kwana idan lokutan ba su haɗu ba. Sai dai idan rangwamen tikitin ya kai ya kawo.

Kan rufe sama kuma, misalin da ya fi girma shi ne na Rasha tun 2022. Helsinki zuwa Tokyo da awa 9 da wani abu ne ta saman Saiberiya, yanzu jiragen Turai suna yin wajen 13. Nisan garuruwan bai canza ba ko da taku ɗaya.

Sabon_Dan_Kwari:
To ni abin da ban gane ba, tun da mutanenmu suna tururuwa zuwa Chaina haka, me ya hana a sa jirgi kai tsaye daga Kano? Ko jirgi ba zai iya kilomita 10,900 ba tare da ya sha mai ba?

Injiniya_Bash:
Zai iya har ya yi saura. Singapore Airlines suna tashi daga Singafo zuwa New York ba sauka, sama da kilomita 15,300, awa 18 da wani abu, da Airbus A350. Boeing 787 ma zai yi Kano zuwa Guangzhou cikin sauƙi. Matsalar ta kasuwa ce.

Ejan_Tikiti_Kano:
Ƙwarai. Tururuwar da kake gani ta lokaci ce. Lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou, wato Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, kujera wuya take yi. Lokacin sabuwar shekarar Chaina kuwa, a Janairu ko Fabrairu, masana'antu a rufe suke, ba mai zuwa. Jirgi mai kujera kusan 300 yana son a cika shi zuwa da dawowa duk shekara. Shi na Adis ko Doha ko Alkahira yana tara fasinjan Kano da na Akara da na Duwala da na Kinshasa ya zuba su a jirgi ɗaya. Air Peace sun ƙaddamar da zuwa Guangzhou daga Legas a 2022, ka ga su ma ba daga Kano suka fara ba.

Alhaji_Na_Singa:
Ni ban yarda babu fasinja ba. Ku je Kwari da Singa da Kasuwar Waya ta Farm Centre ku ƙirga. Rashin mai tsaya mana ne kawai.

Hajiya_Mai_Leshi:
Alhaji, rabin waɗanda kake ƙirgawa yanzu ta waya suke oda, ejan ɗinsu na can ya loda musu kwantena. Da wahalar biza da tsadar dala, masu zuwa da ƙafarsu sun ragu, ni shaida ce a layinmu.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu namu bambancin awa 8 ne, domin muna bayan Najeriya da awa ɗaya. Na faɗa ne saboda masu turo wa 'yan'uwa lokacin sauka: ka faɗi agogon wane gari kake nufi. An sha zuwa tarbar mutum a filin jirgi tun yana saman teku.

Almajirin_Malam:
Ba wanda ya taɓo maganar salla, ita ce kuwa ta fi rikita matafiyi a wannan hanyar. Lokacin salla yana bin ranar inda kake ne, ba agogon hannunka ba, ba kuma na garin da za ka ba. Idan ka tashi daga Adis da tsakar dare ka nufi gabas, daren gajere ne ƙwarai. Ni ina zaune, agogona na Kano yana nuna 2 da rabi na dare, an kashe fitilu kowa ya lulluɓa da bargo, na ɗan ɗaga murfin taga sai haske ya dalle mini ido, rana har ta fito. Ɗan allon da ke bayan kujera yana nuna muna saman teku mun doshi Indiya, sanyin waje ya wuce 50 ƙasa da sifili. Don haka bayan awa 3 da tashi ka fara leƙa taga saboda asuba, tazarar alfijir da fitowar rana a can sama ba ta da yawa. Ka yi alwala tun a Adis. Batun kasaru da haɗa salloli kuma ka zauna da malaminku kafin ka tafi, ya yi maka bayani daidai da tikitinka.

Dalibi_A_Wuhan:
Dawowa kuma akasin haka ne. Ka taso da tsakar dare, dare ya yi ta bin ka awa 11, ka sauka Adis gari yana wayewa. Mai azumi da ya taso da rana ya nufo yamma shi ne abin tausayi, rana ba ta faɗuwa da wuri.

Ejan_Tikiti_Kano:
Tun da an zo kan dawowa, Sabon_Dan_Kwari duba tikitinka da kyau. Idan an rubuta tashi 00:30 ranar Alhamis, to ranar Laraba da daddare za ka tafi filin jirgi, ba ranar Alhamis da daddare ba. Ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare ya riga ya shiga sabuwar rana. Duk shekara sai mun samu wanda ya kira mu daga Baiyun yana salati, jirginsa ya tashi tun jiya, ga biza tana ƙarewa. Canjin tikiti a wannan halin kuɗi ne mai ciwo.

Kuma a takarda dawowar za ta yi maka kamar gajeriya: tashi 00:30, sauka Kano wajen 12:30 na rana, ka ce awa 12. Ƙara awa 7 ɗin da ka cire a zuwa, 19 ke nan.

Sabon_Dan_Kwari:
Innalillahi, wallahi 00:30 ɗin ne a rubuce, ni kuma har na gaya wa maigida ina da yinin Alhamis gaba ɗaya na ƙarasa sayayya. Allah Ya biya ka.

Garba_Mai_Taya:
To yanzu a taƙaice nawa za a ce masa? Ni har yanzu lamba uku nake gani.

Hajiya_Mai_Leshi:
Ni da za a bi tawa, duk ukun ba su ne ba. Daga ƙofar gida ake ƙirgawa. Zai bar gida ƙarfe 10 na safe don a auna kaya a buga fasfo. Idan ya sauka, layin jami'an shige da fice da jiran akwati da kwastan za su ci awa ɗaya zuwa biyu. Daga Baiyun zuwa cikin gari kusan kilomita 30 ne, ko ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 ko ya ɗauki tasi zuwa Xiaobei inda mutanenmu suka fi sauka. Kafin ya ajiye haƙarƙarinsa a katifa ya haura awa 24. Kuma don Allah kar a cusa maka kilishi ko dambun nama a jaka a ce tsaraba ce ga wani, ba a shiga da nama, karɓewa za su yi su ƙara tsayar da kai.

Malam_Lissafi:
Hajiya, ai shi zaman kujera ya tambaya saboda bayansa. Wannan 15 da rabi ne, kashi biyu.

Alhaji_Na_Singa:
Idan jirgin ya tashi a kan lokaci ba. Wane wata ne tafiyar ma tukuna? Idan Disamba ce ko Janairu, duk wannan lissafin naku hazo na iya rushe shi. Ranar da ƙura ta sauko Kano, jirgin da zai ɗauke ka ma ba zai iya sauka ba, sai ya yi ta shawagi ya juya Abuja. Ka rasa na Adis na daren nan, sai na gobe.

Sabon_Dan_Kwari:
Tsakiyar Oktoba ce Alhaji, maigida yana so in leƙa baje kolin.

Ejan_Tikiti_Kano:
To hazo bai kankama ba lokacin, amma cunkoso ya kankama. Kar ka bar zaɓen kujera sai ranar tafiya, ka sa ejan ɗinka ya kama maka ta bakin hanya tun yanzu a jirage huɗun duka. Otal ma ka kama da wuri, farashi yana tashi a makonnin baje koli.

Dan_Damagaram:
Injiniya_Bash, ɗan taimaka ka ja mana zaren nan naka daga Yamai. Wani abokina ya dage wai ta Istanbul ta fi kusa da ta Adis, mun yi musu har mun gaji.